Windows, Mac ko Linux? Jagora ga mai neman kwamfutar zane daga Gazawa zuwa Gidan Rumji

Duk matashin da ya fara haɗa katin biki a waya har hannunsa ya faɗa, wata rana zai ji wayar ta yi masa kaɗan. Daga nan ake fara tara kuɗin kwamfuta, daga nan kuma gardama take tashi a majalisa. Wannan ya ce Mac ce ta ƙwararru, wancan ya ce Windows ce ta kowa, wani ɗan jami'a ya tsoma baki ya ce ai Linux kyauta ce. Kowa da gaskiyarsa, sai dai an faro gardamar daga inda bai kamata ba. Kwamfutar mai zane ba ita kaɗai take aiki ba. Akwai injin da zai buga abin da ka zana, akwai mai gyaran da za ka kai wa ran da ta ƙi tashi, ga kuma wutar da za ka riƙa ba ta. Mai zane a Cadawa ko Agye ko Tsibiri, waɗannan ne za su zaɓa masa na'ura.

Dubi irin aikin da ke shigowa hannu. Katin gayyatar aure da na suna, kalandar ango da amarya, fostar wa'azi ko musabaƙa ko maulidi, kyallen tallan sabon shago, sitikar babur, hatimin ƙungiya, da ƴar takardar da mata ke liƙawa a jikin kwalbar man gyaɗa ko ledar ƙuli-ƙuli da garin zogale. Kusan duk wannan aiki a kan takarda ko leda ko kyalle yake ƙarewa. Shi ya sa za mu faro daga madaba'a mu dawo baya.

Fara daga wurin mai bugu

Kafin ka taya kowace kwamfuta, hau mota ka je Maradi, ko Katsina, ko duk inda kake da niyyar kai bugu. Tsaya bayan yaron da ke zaune gaban inji, ka ga da wace manhaja yake buɗe aikin mutane. A Kano da Katsina CorelDRAW ce ke riƙe da kasuwa. Kamfanin Corel na birnin Ottawa a Kanada ne ya fara fitar da ita a 1989, a kan Windows ta girma, kuma sai a 2019 ta koma Mac bayan ta yi shekaru ba ta can. Maradi kuwa, da ba ta rabuwa da Katsina da Kano a harkar kasuwa, kada ka yi mamaki in ka tarar da Corel a wannan shago, Photoshop da Illustrator na kamfanin Adobe a na kusa da shi. Injinan buga kyallen talla da na yankan sitika galibinsu daga Sin suke zuwa, kuma manhajar da ke tuƙa su yawanci ta Windows ce zalla. In burinka wata rana ka ajiye irin wannan inji a shagonka, to an riga an yanke maka hukunci tun yanzu.

Yi wa yaron tambaya biyu: wane zubi na manhajar ke kan na'urarsu, kuma suna karɓar PDF? Ta farko tana da nauyi domin tsohuwar Corel ba ta buɗe fayil ɗin sabuwa. Kai kana da ta bana, su suna kan X7 ta 2014, sai ka yi asarar kuɗin mota in ba ka adana aikin a tsohon zubi ba tun daga gida, alhali wurin zaɓin yana nan a akwatin adanawa. Tambaya ta biyu ita ce ke buɗe wa mai Mac da mai Linux hanya. Muddin suna karɓar PDF su buga yadda yake, kowace na'ura za ta iya kai musu aiki.

Ko da wace kwamfuta ka ƙare, ladubban kai aiki bugu iri ɗaya ne, kuma sun fi sunan na'ura tasiri a kan abin da zai fito. Maida duk rubutu ya zama zane kafin ka fita da shi. A Corel, zaɓi rubutun ka danna Ctrl tare da Q. Dalili kuwa, in madaba'a ba ta da salon haruffan da ka yi aiki da shi, na'urarsu za ta musanya shi da wani, sunan amarya ya fito da ƴan akwatuna a gurbin ƙ da ɗ. Amma ka ajiye kwafi ɗaya da ba ka maida ba, domin rubutun da ya zama zane ba ya gyaruwa, kuma ba a rasa kawun ango da zai ce a ƙara sunansa cikin masu gayyata bayan an gama komai.

Sai launi. Allo da haske yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi, abin da ake kira RGB. Inji kuwa da tawada huɗu yake aiki, wato CMYK, kuma akwai kore da shuɗi masu walƙiya a allo waɗanda tawada ba ta iya kaiwa gare su. Saita fayil ɗinka a CMYK tun farko, ka ga dusashewar da idonka kafin mai aiki ya gan ta a takarda. Ƙananan rubutu baƙaƙe ka bar su da baƙar tawada kaɗai, K 100, don in aka haɗa tawada huɗu inji ya ɗan goce, sai rubutun ya fito da inuwa. Hoton kati da kalanda yana son ɗigo 300 a kowane inci, amma kyallen da za a hanga daga tsallaken titi 100 ma ya ishe shi. Bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka. Hoton ango kuma, roƙi a turo maka shi ta WhatsApp a matsayin takarda. In aka turo shi a matsayin hoto, manhajar tana matse shi, kuma babu Mac ɗin da za ta dawo da abin da aka zubar.

Windows

Ga mafi yawan masu karanta wannan, Windows ce amsa. Komai nata yana kusa. Caja, batir, allo, madannai, fanka, ana samunsu a Maradi, in an rasa a aika titin Beirut a Kano. Mai gyara ya saba da cikinta. Corel, Photoshop, Illustrator, Affinity, Krita, Inkscape, duk suna hawa kanta, kuma in ka maƙale, mai nuna maka ba shi da nisa.

Sabuwa dal a kwali ta fi ƙarfin aljihun yawancinmu, don haka maganar ta hannu ake yi. Shawarata, nemi irin waɗanda aka ƙera wa ma'aikatu: ThinkPad ta Lenovo, EliteBook ta HP, ko Latitude ta Dell. Ta hannu daga cikin waɗannan ta fi sabuwa mai jikin roba da furosesa Celeron, ko da ta zo da jaka da linzami kyauta. Araha ba ta ado. Na ma'aikatu an yi su ne don a kwance a gyara, kuma kayan gyaransu sun cika kasuwa saboda da yawa ake shigo da su.

Sayen ta hannu kamar sayen akuya ne a kara, ba a biya sai an buɗe baki an ga haƙora. Fara da furosesa, kuma kada tambarin Core i7 da aka liƙa kusa da madannai ya ruɗe ka. Lambar da ke biye da shi ce ke faɗin shekaru. A i5-8250U, 8 ɗin farko na nufin tsara ta takwas, kuma ƙwaƙwalwa huɗu gare ta. A i7-6600U kuwa tsara ta shida ce, ƙwaƙwalwa biyu kacal. Wato wannan i5 ɗin ta fi waccan i7 ɗin ƙarfi, ko da dillali ya ɗora wa i7 kuɗi. Akwai wani dalilin kuma. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya rufe tallafin da ya saba ba Windows 10, ita kuma Windows 11 a ƙa'ida tana neman Intel tsara ta takwas zuwa sama da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0. A ɓangaren AMD, Ryzen mai lamba 3000 zuwa sama ba ka da fargaba. Masu sayarwa sun iya tura Windows 11 kan tsohuwar na'ura da dabara, don haka ganin ta a allo ba hujja ba ce. Lambar furosesa za ka karanta da kanka.

RAM kada ta gaza gigabait 8, in da hali 16, domin a nan Photoshop take shaƙewa in hotuna suka yi yawa. Tambaya ko akwai gurbin ƙari. Ma'ajiya kuma ta zama SSD, aƙalla gigabait 256. Tsohon faifai mai juyawa yana da nawa, kuma ba ya jure jijjigar babur a hanyar ƙauye.

Allo shi ne inda aka fi cutar masu zane, domin na'ura iri ɗaya, suna ɗaya, tana zuwa da allo mai kyau da marar kyau. Nemi 1920 x 1080, nau'in IPS. Ba sai ka yarda da bakin kowa ba: buɗe hoton fuskar mutum, ka karkata allon gaba da baya, ka leƙa daga gefe. In fuskar ta yi duhu ko ta koma launin toka da ɗan motsi kaɗan, wannan nau'in TN ne, bar shi. Da irinsa za ka gyara fatar amarya ta yi daidai a idonka, a takarda ta fito ja wur. Bayan haka buɗe farin shafi ya cika allo, sannan baƙi, ka nemi tabo da layi.

Batir ma yana da hanyar gwaji. Buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, za ta fitar da takarda mai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da abin da yake iya ɗauka yanzu. In ya faɗi ƙasa da rabi, a cire kuɗin sabon batir daga ciniki. Danna kowane maɓalli, gwada kowace kafar USB, sannan ka sa mai kaya ya shiga BIOS a gabanka. Na'urorin ma'aikatu wani lokaci suna zuwa da kalmar sirri a can, wadda shi kansa mai sayarwar bai sani ba.

Babban aibin Windows a wajenmu filas ce. Ka kai ta madaba'a, ta shiga kwamfutar da filas ɗari suka shiga, ka dawo gida ka tarar duk jakunkunan aikinka sun koma ƴan alamomi masu ƙaramar kibiya a kusurwa. Kada ka danna ko ɗaya, dannawar ce ke sakin ƙwayar cutar. Galibi fayilolin suna nan, ɓoye su aka yi. Bar mai gadin da Windows ta zo da shi a kunne, ka riƙa sabunta shi, ka ware filas guda ta fita waje wadda ba ka ajiye komai mai daraja a kai. Kuma in da wayarka kake ba kwamfuta intanet, ko Airtel ne ko Moov ko Zamani, shiga saituna ka nuna mata layin na awo ne. In ba haka ba, sabuntawar Windows za ta cinye datar mako cikin dare ɗaya.

Akwai maganar da ba a cika yi a fili ba. Tun 2013 Adobe ta daina sayar da sababbin zubin manyan manhajojinta, haya take bayarwa, ana biya wata-wata ko shekara-shekara da katin banki. Shi ya sa galibin Photoshop da ke yawo a filas fasasshiya ce. Ban da haƙƙin masu ita, lura da abin da mai saka maka ita yake fara yi: kashe mai gadin kwamfuta. A na'urar da hotunan matan mutane da takardun ƙungiyoyi ke ciki, wannan ba ƙaramin ganganci ba ne. Yanzu kuma uzurin ya ragu. Kamfanin Canva ya sayi Affinity a watan Maris 2024, kuma tun ƙarshen Oktoba 2025 ya maida ita kyauta a Windows da Mac, rajista kawai ake yi. Tana gyaran hoto, tana zanen tambari, tana tsara shafuka, tana fitar da PDF a CMYK. Corel kuma har yanzu tana da tsarin saye sau ɗaya ga wanda ya ƙi haya.

Mac

Sunan da Mac ta yi a wurin masu zane yana da asali. Apple ta fitar da Macintosh a 1984, a 1985 manhajar PageMaker da firintar LaserWriter suka biyo baya, mutum ya fara tsara jarida a kan teburinsa. Photoshop ta farko a 1990 ta Mac ce kaɗai, sai bayan kusan shekara uku Windows ta samu. Wannan tarihi ne ya bar wa mutane jin cewa zane sai da Mac. A yau Photoshop ɗin nan ɗaya ce a ɓangarorin biyu.

Duk da haka tana da falalar da ta dace da mu fiye da yadda ake zato. Allonta ba caca ba ne, kusan duk wadda ka ɗauka launinta na gaskiya ne. Tun da Apple ta fara saka nata furosesa, M1, a Nuwamba 2020, batirin MacBook yana kai mutum yinin aiki, abin da ƴan Windows na hannu ba su cika yi ba. MacBook Air mai M ba ta da fanka ko kaɗan, don haka ba ta zuƙar ƙurar hunturu. Cajar Air M1 wat 30 ce, ta kafar USB-C, ƙaramar sola ma ta riƙe ta. Cutar filas ta Windows ba ta kama ta, ko da yake tana iya ɗauke da ita ta kai wa wani. Wanda aikinsa ya haɗa da tace bidiyon biki, ko yake yi wa ƙungiyoyi a Yamai aiki ta intanet ba ruwansa da madaba'a, Mac za ta yi masa daɗi ƙwarai.

Matsalarta ran da ta lalace. RAM da ma'ajiya a liƙe suke a jikin allon ciki, abin da ka saya da shi za ka zauna, babu ƙari. Fuskarta in ta fashe, kuɗin sabuwa kan kai kuɗin wata kwamfutar Windows ta hannu sukutum, kuma mai gyaran da zai iya taɓa cikinta sai an yi tafiya. Aikin mako biyu yana iya tsayawa saboda ɗan abin da mai EliteBook zai gyara kafin la'asar.

In ka ƙudura sai ita, kiyaye tarko uku. Na farko kulle. Mac tana ɗaurewa da asusun iCloud na mai ita, wasu kuma kamfani ko makarantar da ta saye su ne ke riƙe da su daga nesa. Kada ka biya sai mai sayarwa ya goge ta gaba ɗaya, ya haɗa ta da intanet, an saita ta daga farko a gabanka har ta buɗe ba ta nemi sunan kowa ba. Na biyu, tsofaffin Mac masu furosesa Intel, waɗanda suka yi araha yanzu: Apple ta sanar cewa macOS 26 ta 2025 ce ta ƙarshe da za ta hau kansu, kuma da yawansu ko ita ba su samu ba. Cikinsu ma ka fi gudun waɗanda aka yi tsakanin 2015 da 2019 masu siraran madannai, waɗanda ƙwayar ƙura ɗaya ke iya kashe musu harafi. A ƙasar da iskar hunturu ke shiga har cikin akwati, ba sai an yi dogon bayani ba. Na uku, Mac mai M ba ta karɓar Windows kai tsaye yadda masu Intel suke yi ta Boot Camp, don haka kada wani ya ce maka za ka samu biyun a ɗaya cikin sauƙi.

Ƙaramin abu mai cin rai: faifan ajiya da aka tsara a NTFS na Windows, Mac tana karanta shi amma ba ta rubutu a kai. Tsara filas da faifanka a exFAT, kowane ɓangare ya karɓa.

Linux

Linus Torvalds ya fara ta a 1991, kuma nau'o'inta da suka fi sauƙi ga sabon shiga su ne Linux Mint da Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa a 2004. Kyauta ce, ba ta da nauyi, cutar filas ba ta damunta, kuma tana tayar da tsohuwar kwamfutar da Windows 11 ta ƙi. A kanta akwai Inkscape don tambari, Krita don zanen hannu, GIMP don gyaran hoto, wadda zubinta na 3.0 ya fito a Maris 2025, da Scribus don tsara littafi da fitar da PDF a CMYK. Babu Adobe, babu Corel. Inkscape tana buɗe fayil ɗin Corel, amma ba kullum yake fitowa yadda aka tsara shi ba, kuma mai gyaran unguwa in ya ga Linux, abin da zai fara cewa shi ne a goge a sa Windows. Ga makaranta ko cibiyar koyar da matasa da aka ba tsofaffin kwamfutoci, ban san abin da ya fi ta ba. Ga mai shagon da ke karɓar fayilolin mutane kullum, wahala ce. Waɗannan manhajoji huɗu duk suna hawa Windows ma, don haka ba sai ka yi ƙaura ba kafin ka more su.

Wuta da zafi

Wutar da NIGELEC ke rabawa a yankinmu, kaso mai yawa daga Najeriya take shigowa, ta layin da ya taso daga Katsina ya sauka Gazawa, ya rabu zuwa Maradi da Damagaram. Kowa ya ga abin da hakan ke nufi a Agusta 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, ba ta dawo da ita ba sai a Maris 2024. Wanda ke da kwamfutar tebur a lokacin, kuɗin man janareto ya cinye ribarsa.

Lissafin ba shi da wuya. Batirin sola mai volt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da kimanin wat 1,200 na awa guda, kuma in na ruwa ne ko na jel, rabi kawai ya kamata a sha don ya yi ƙarko, wato 600. Kwamfutar tebur da allonta, in suna jan wat 150, awa huɗu ke nan. Laftof da ke jan wat 30 zuwa 40 za ta yi awa goma sha biyar ko fiye, ban da nata batirin. Ta tebur ta fi ƙarfi a kuɗi ɗaya, ta fi sauƙin gyara, amma sai a shagon da ke da sola wadatacciya ko na'urar riƙe wuta. Sa sitabilaiza ko abin kare hawan wuta tsakaninka da bango, ka cire caja da zarar an ɗauke wuta, domin dawowarta ce ke ƙona kaya. Kayan da suka fito Najeriya kuma filoginsu mai ƙafa uku ne masu kusurwa, na Nijar zagayayyu ne. Sayi mahaɗi mai kyau, kada ka cusa da tsinke.

Zafin Afrilu da Mayu yana haura digiri 40, alhali Apple da kanta ta rubuta cewa tsakanin 10 da 35 ne MacBook ke aiki lafiya, sauran kamfanoni ma kusan haka suke faɗa. Na'ura in ta ji zafi sai ta rage gudu don ta tsira, marar fanka ta fi saurin yin haka. Aiki mai nauyi a yi shi da sassafe ko da dare. Kada a ɗora ta kan katifa ko darduma, a ɗaga bayanta iska ta ratsa, a rufe ta da kyalle in an tashi, sannan bayan kowane hunturu a kai a buɗe a hure fanka.

Haruffanmu

Kwamfutar da ta biyo ta Kano madannanta QWERTY ne na Ingilishi, wadda ta biyo ta Faransa ko Kwatano sau da yawa AZERTY ce. Wanda zai riƙa buga Faransanci da é da è da ç, AZERTY ta fi masa sauƙi, amma ana iya sauya tsarin a cikin saituna, don haka kada wannan ya hana ka na'ura mai kyau. Abin lura kawai, gajerun hanyoyi irin su Ctrl da Z suna sauya wuri a ƙarƙashin yatsa.

Hausa ce ta fi buƙatar shiri, musamman tun da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana ta a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Duk mai zanen da ya iya fitar da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ tsaf, manya da ƙanana, yana gaban takwarorinsa. Windows tana da tsarin madannan Hausa a cikinta, ƙara shi kawai za ka yi. Manhajar Keyman kyauta ce kuma tana aiki a Windows da Mac da Linux da Android. Inda gizo ke saƙa shi ne salon haruffa, don yawancin masu ado da ake kwasowa a intanet ba su da masu ƙugiya. Charis, Andika da Gentium na ƙungiyar SIL suna da su, haka Noto na Google. Tambayi mai aiki kuma ko ƴ ta Nijar yake so ko 'y ta Najeriya, kada a gauraya su a takarda ɗaya.

Ajami da Larabci suna da nasu sharaɗin. SIL ta fitar da Alkalami, mai bin salon rubutun hannu na Kano da Nijar, da Harmattan, mai bin salon Warsh da almajiranmu suka saba gani, duka kyauta. Amma dole manhajar ta iya jera rubutu daga dama zuwa hagu ta kuma haɗa haruffa. A Photoshop da Illustrator wani lokaci sai an kunna zaɓin Gabas ta Tsakiya. Affinity ta daɗe tana da rauni a nan, don haka in fostar wa'azi ce abincinka, gwada ta da layi ɗaya tukuna. Aya ko hadisi kuwa, kada a kai bugu sai malami ya duba kwafin ƙarshe.

Mai zanen hannu, mai yin hotunan littattafan yara ko barkwanci, abin da yake buƙata shi ne allon alƙalami. Wacom ce tsohuwa a fagen, Huion da XP-Pen sun fi araha, kuma ƙaramin marar fuska haɗe da Krita ya isa a fara. Procreate da ake yawan gani a bidiyo sai iPad, ba ta hawa Windows ko Android. Wayarka ma kada ka raina ta, PixelLab da Canva suna fitar da sanarwar WhatsApp cikin minti kaɗan, sai dai Canva tana son intanet.

In kuɗinka na kwamfuta ɗaya ne kuma aikinka madaba'a yake zuwa, sayi ThinkPad ko EliteBook ko Latitude mai i5 tsara ta takwas zuwa sama, RAM 16, SSD, da allon IPS da ka gwada da idonka. Kada ka ƙarar da kuɗin duka a kanta. Rage na linzami, na sitabilaiza, da na faifan ajiya na waje da za ka riƙa kwafe aikinka a kai duk Juma'a. Mac kuma ta jira sai ran da kake da na'ura ta biyu da za ta riƙe shago in an tafi da ita gyara.